Se Ri Pak: yadda mace ɗaya ta karkatar da golf ɗin mata zuwa Koriya, da abin da hakan ya ci mata

Tsakanin 2008 da 2020 an buga gasar US Women's Open sau 13. Ita ce mafi daɗewa cikin manyan gasannin golf na mata, tun 1946 ake yin ta, kuma a Amurka ake buga ta. Amma cikin sau 13 ɗin nan, sau 9 'yar Koriya ta Kudu ce ta ɗaga kofin. Ƙasa ce da mutanenta ba su wuce miliyan 52 ba, yawancinta tsaunuka, inda filin golf ke da ɗan karen tsada, kuma kafin 1998 ana yi wa wasan kallon nishaɗin attajirai da manyan gwamnati. Duk wanda ka tambaya a harkar yaya aka yi haka, suna ɗaya zai kira maka: Se Ri Pak. Ya faɗi gaskiya, amma bai gama ba. Abin da Koriya ta ɗauka daga wajenta ya fi kofuna yawa. Ta ɗauki hanyar da aka bi aka rene ta, da alherin hanyar da ɗacinta duka.

Sai an san yadda sana'ar take kafin a gane girman abin da ta yi. Filin golf ramuka 18 ne, kowane rami da adadin bugun da aka ƙayyade masa, wato ƙa'idarsa, uku ko huɗu ko biyar. Babbar gasa kwana huɗu ake yi, kowace rana zagaye ɗaya na ramuka 18, ramuka 72 ke nan, wadda ta fi kowa ƙarancin bugu ita ta ci. Bayan kwana biyu ana tankaɗe, kusan rabin 'yan wasan su tattara su tafi, kuma a yawancin gasanni wadda tankaɗe ya zubar ba ta samun ko sisi. Ba kulob, ba albashi, ba kwantiragin da zai riƙe ta idan ta ji rauni. Ita ke biyan kuɗin jirgi da masauki, ita ke biyan mai koyar da ita, ita ke biyan mai ɗaukar mata jakar sanduna kuɗin mako da kuma kasonsa cikin abin da ta samu. Rayuwar fatake ce: da jarinka kake tafiya daga wannan kasuwa zuwa waccan, ranar da ba ciniki kuɗin hanya na kanka. Shi kansa izinin shiga jerin gasannin LPGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf mata ta Amurka da mata 13 suka kafa a 1950, sai an ci jarrabawar fili ake samunsa, kuma wadda ta ƙare shekara a can ƙasan jerin masu samun kuɗi sai ta koma ta sake nema.

An haifi Pak a birnin Daejeon ranar 28 ga Satumba, 1977. Da wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta fara a makaranta, shi ya sa ƙafafunta suke da ƙarfin da masu sharhi suka yi ta magana a kai daga baya. Mahaifinta ne ya ja ta zuwa golf, kuma shi ya tsara mata horo irin na soja: tashin asuba, hawa da saukar matakalar dogon benen da suke zaune, wani lokaci da baya-baya, sai bugun ƙwallo har dare ko da sanyin hunturu. Jaridun Amurka sun fi son labarin cewa yana kai ta maƙabarta da dare don ta daina tsoro. Ita da bakinta ta ce an ƙara wa wannan gishiri. Ko an cire shi, sauran ya isa.

Ta zama ƙwararriya a 1996, ta ci gasanni shida a gida cikin shekara biyu. Idan uba ne ƙafa ta farko, a nan ƙafa ta biyu ta shigo, wato kamfani. Samsung ya ɗauki nauyinta, ya tura ta Florida wajen David Leadbetter, ɗaya daga cikin mashahuran masu koyar da golf a duniya. A ƙarshen 1997 ta shiga jarrabawar LPGA ta fito ta ɗaya, kunnen doki da Ba'amurkiya Cristie Kerr.

Ƙafa ta uku ita ce ƙasar kanta, kuma a lokacin ƙasar a durƙushe take. A Disambar 1997 Koriya ta Kudu ta karɓi rancen ceto na kusan dala biliyan 58 ƙarƙashin jagorancin Asusun Lamuni na Duniya, IMF. Manyan kamfanoni suka ruguje, magidanta suka rasa aiki. A farkon 1998 mutane sama da miliyan uku suka yi layi a bankuna suna miƙa zobban aure da sarƙoƙi da zobban zinaren bikin cikar 'ya'yansu shekara ɗaya, har aka tara fiye da tan 200, don a rage wa ƙasa bashi. Cikin wannan hali ne yarinya 'yar shekara 20, wadda Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, ta ci gasar LPGA Championship a Delaware a watan Mayu. Nasararta ta farko ke nan a Amurka, kuma babbar gasa ce, ta riƙe gaba tun daga ranar farko har ta ƙarshe.

Sai watan Yuli, a filin Blackwolf Run da ke jihar Wisconsin. Filin ya wahalar da kowa, har ta kai wadda ta fi kowa ma ta ƙare da bugu shida sama da ƙa'ida. Mutum biyu ne suka tsaya a nan, da bugu 290 kowacce: Pak, da Jenny Chuasiriporn, ɗalibar Jami'ar Duke, ita ma 'yar shekara 20, Ba'amurkiya da iyayenta suka fito daga Tailan, wadda ba ta ma fara karɓar kuɗin wasa ba. A ramin ƙarshe Chuasiriporn ta gangara ƙwallo daga nisan kusan mita 12 ta faɗa, ta rufe baki da hannu don mamaki. Dokar wancan lokaci ta ce a dawo ranar Litinin a sake buga ramuka 18 cur don raba gardama.

Ranar Litinin, 6 ga Yuli, Chuasiriporn ta ba ta ratar bugu huɗu cikin ramuka biyar na farko. Pak ta yi ta cike giɓin har suka iso rami na 18 daidai wa daida. Bugunta na farko ya kauce hagu, ƙwallon ta gangara ta maƙale a cikin ciyawa a kan gangaren bakin tafki, saura ƙiris ta faɗa ruwa. Ba inda za ta tsaya ta buga sai cikin ruwan. Zaɓi biyu ne a gabanta: ta ɗauke ƙwallon ta ajiye a wuri mai kyau a ci ta tarar bugu ɗaya, ko ta buga daga inda take. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta zauna ta cire takalmi, ta zare safa. Kyamara ta nuna ƙwaurinta da rana ta ƙona ya yi duhu, daga idon sawu zuwa ƙasa kuwa fari fat. Ta shiga ruwan, ta riƙe sandar a gajarce, ta fitar da ƙwallon.

Yawanci a nan ake yanke labarin, kamar wannan bugun ne ya ci gasar. Ba shi ba ne. Fitar da ƙwallon kawai ya yi. Ta ƙare ramin da bugu biyar, ɗaya sama da ƙa'ida, kuma da Chuasiriporn ta gama nata da huɗu, da shi ke nan. Sai ita ma ta yi wa ƙwallonta ƙarfi ta wuce rami, ta ƙare da biyar. Suka tashi 73 da 73, aka koma wanda ya fara faɗuwa ya fita. A rami na biyu Pak ta zura daga nisan mita biyar da wani abu. Ramuka 92 ke nan aka buga kafin a san mai kofi. Abin da bugun cikin ruwa ya yi shi ne hana ta mutuwa da wuri, kuma ga mutanen da ke kallo a Koriya da tsakar daren Talata, waɗanda ƙasarsu ke neman abin da zai hana ta nutsewa, wannan ya wadatar. Gwamnati ta sa hoton a tallan ƙarfafa wa jama'a gwiwa, aka yi ta nunawa a talabijin.

Ladan da ta samu dala 267,500 ne. Lee Janzen, wanda ya ci ta maza makonni biyu kafin nan, ya karɓi 535,000, ninki biyu cif. Chuasiriporn kuwa ba ta sake kaiwa wannan matsayi ba. Ta gwada sana'ar bai karɓe ta ba, ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya.

Mako guda bayan haka Pak ta je gasar Jamie Farr a Ohio ta gama zagaye ɗaya da bugu 61, abin da ba a taɓa yi ba a LPGA a lokacin, ta lashe gasar da ratar bugu tara. Ta rufe shekarar da kofi huɗu, kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe ta gwarzuwar 'yan wasa mata ta 1998. Da ta koma gida aka yi ta yawo da ita daga liyafa zuwa gidan talabijin zuwa karɓar lambar yabo, har gajiya da zazzaɓi suka kwantar da ita a asibiti. Ko a can ma masu kyamara ba su bar ta ba.

Idan aka ajiye tasiri gefe aka dubi wasa zalla, ina matsayinta? Kofi 25 ta ci a LPGA, biyar daga ciki manya: biyu a 1998, British Open ta mata a 2001, sai LPGA Championship a 2002 da 2006. Gagarumin tarihi ne, amma ba ita ce ta ɗaya a zamaninta ba. Ta faɗo lokaci guda da Annika Sörenstam ta Suwidin mai kofi 72, da Karrie Webb ta Ostireliya mai 41. Ba ta taɓa zama gwarzuwar shekara ta LPGA ba, Sörenstam kuwa sau takwas. Akwai wata gasa a Arizona a 2001 da ta nuna yadda zamanin yake: Pak ta gama da bugu 25 ƙasa da ƙa'ida, adadin da kusan ko'ina zai ba mutum kofi, amma ta zo ta biyu, domin a makon ne Sörenstam ta buga zagaye da 59. Wata babbar gasa, wadda ake kira Kraft Nabisco a lokacin, ta gagare ta har ta yi ritaya. A 2003, shekarar da Sörenstam ta shiga gasar maza a Texas tankaɗe ya zubar da ita, Pak ta shiga wata ta maza a Koriya ta tsallake, ta ƙare ta 10, kodayake gasar ba ta kai waccan ƙarfi ba.

Shiga zauren gwaraza na LPGA ba da ƙuri'a ba ne, da maki ne, kuma 27 ake nema: maki ɗaya kan kowane kofi, biyu kan babbar gasa, ɗaya kan kambun shekara. A watan Mayun 2004 Pak ta ci kofinta na 22. Huɗu a ciki manya ne, ga kambun mafi ƙarancin matsakaicin bugu da ta samu a 2003, lissafi ya cika 27. Tana da shekara 26. Abin da aka gina rayuwarta a kai tun tana yarinya ya samu, saura kawai ta cika shekara goma a LPGA kamar yadda doka ta tanada a lokacin.

Daga nan wasanta ya watse. Wadda aka sani da saita ƙwallo sai ta koma ba ta san inda bugunta zai nufa ba. Ta ƙara awannin atisaye, domin shi kaɗai ne maganin da aka koya mata, abin ya ƙara lalacewa. A 2005 ba ta shiga goman farko ko sau ɗaya ba, rauni a yatsa ya tsayar da ita kafin kaka ta ƙare. Daga baya ta sha faɗa cewa raunin ne ya tilasta mata hutun farko a rayuwarta, kuma ta taɓa yi wa mahaifinta ƙorafin cewa ya koya mata komai na golf amma bai koya mata yadda ake hutawa ba. A ganina wannan ce magana mafi nauyi a duk tarihinta, ta fi hoton cikin ruwa bayyana yadda aka ƙera ta.

Ta dawo a 2006, a gasar LPGA Championship a Maryland. Ta yi sakaci a ramin ƙarshe aka tafi raba gardama da Webb, bugunta na farko ma bai yi kyau ba. Sai daga nisan kusan mita 180 ta aika ƙwallo ta tsaya taƙi ɗaya daga bakin rami, bugun da ya ba ta kofin. Ta daka tsalle ta rungume mai ɗaukar mata jaka, abin da ba a saba gani daga gare ta ba. A 2007 aka shigar da ita zauren gwaraza. Kofinta na ƙarshe a 2010 ne, ta yi ritaya a 2016.

Kafin nan yaran da suka kalle ta sun girma. A Koriya ana kiransu 'ya'yan Se Ri, yawancinsu haihuwar 1987 da 1988. Inbee Park tana gab da cika shekara goma a daren Blackwolf Run, ba da jimawa ba ta ɗauki sanda. A 2008 ta ci US Women's Open tana da shekara 19, ta karɓe wa Pak tarihin mafi ƙarancin shekaru, daga baya ta tara manyan kofuna bakwai, ta wuce uwar ɗakinta. Jiyai Shin ta hau matsayi na ɗaya a duniya a 2010. Na Yeon Choi ta ci US Women's Open ta 2012 a filin Blackwolf Run ɗin dai. Yawansu ya kai har wadda ta ci ta 2019 ana rubuta sunanta Jeongeun Lee6, saboda ita ce ta shida mai wannan suna a rajistar ƙungiyar golf ɗin mata ta Koriya. A gasar Olamfik ta Rio a 2016, Pak ce kociyar tawagar matan Koriya lokacin da Inbee Park ta ci zinare.

Sha'awa kaɗai ba ta isa ta haifar da wannan ba. Ƙasashe da yawa sun yi tauraro ɗaya ba wanda ya biyo shi. Abin da ya bambanta Koriya shi ne iyaye sun ga hanya a fili, kuma suna da al'adar zuba duk abin da suka mallaka a kan makomar yaro, irin yadda suke yi wa jarrabawar shiga jami'a. Uba ya bar aikinsa ya zama direba da koci da mai ɗaukar jaka. Yarinya ta wuni tana bugu a cikin raga, don shiga fili na gaske sai mai hali. Mahaifiyar Jiyai Shin ta rasu a hatsarin mota a 2003, kuɗin inshorar da ya rage mahaifinta ya sa a golf ɗinta. Bayan iyali akwai tsari: tawagar ƙasa ta matasa, da gasannin cikin gida hawa uku, ta yadda wadda ta iso Amurka ta riga ta saba da cin kofi a gaban kyamara. Kamfanoni da bankuna suna rububin sa tambarinsu a hular 'yan wasa. Sannan mata ba sa zuwa aikin soja na dole da ke yanke wa samarin ƙasar kusan shekara biyu a daidai lokacin tashensu.

Amurka ba ta karɓi sauyin da fara'a ba. A 2003 tsohuwar tauraruwa Jan Stephenson ta gaya wa wata mujallar golf cewa 'yan Asiya suna kashe gasar, daga baya ta nemi afuwa. A 2008, lokacin da 'yan Koriya a LPGA suka kai 45, shugabar ƙungiyar Carolyn Bivens ta fito da dokar cewa wadda ta kasa jarrabawar magana da Turanci za a dakatar da ita. Hujjarta ita ce masu ɗaukar nauyi suna biyan kuɗi ne don su yi wasa da hira da 'yan wasa ranar jajibirin gasa. Hujjar ba ta rasa tushe a kasuwance, amma kowa ya san wa aka nufa. Cikin mako biyu suka da matsin lamba suka sa aka janye. Abin dariyar shi ne, a daidai wannan zamani kuɗin da gidajen talabijin na Koriya ke biya don nuna gasannin ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin LPGA, kuma kamfanonin Asiya sun taimaka wajen riƙe ta lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye a 2008.

Jerin masu kofi ba ya nuna waɗanda aka kashe wa dukiyar gida ba su kai ko'ina ba, kuma su ne mafi yawa. Ko cikin waɗanda suka kai, da yawa sun gaji da wuri. Ha Na Jang ta mayar da katinta na izinin wasa a LPGA a 2017 tana tsakiyar tashe, ta koma gida kusa da mahaifiyarta. So Yeon Ryu, wadda ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, ta ajiye sanda a 2024 tana da shekara 33. Ba zan ɗora wannan duka a kan tsarin Koriya ba, domin Lorena Ochoa ta Meziko ma ta bari tana da 28, kuma ga kowace mace a sana'ar akwai lissafin aure da haihuwa wanda maza ba sa yi. Amma Juli Inkster ta Amurka ta ci US Women's Open tana da 42, kuma da wuya ka ga irin wannan tsawon zango cikin 'ya'yan Se Ri.

Rinjayen ma ya ja baya. A 2015 da 2017 da 2019 'yan Koriya sun ci kofi 15 a kowace shekara, a 2024 kuwa uku kacal. Gasar cikin gida ta yi kuɗin da matashiya za ta iya zama kusa da iyayenta ta ci riba ba tare da yawon otal-otal a Amurka ba. Tailan da Japan da Sin kuma sun koyi darasin, sun fito da nasu. Ladan ya ninninka: wadda ta ci US Women's Open a 2024, Yuka Saso ta Japan, dala miliyan 2.4 ta karɓa.

Pak ta koma gida ta zama fuskar da aka saba gani a shirye-shiryen talabijin, ta kafa gidauniyar renon matasan 'yan wasa. A 2024 LPGA ta sa wa wata gasa a Kalifoniya sunanta, amma a 2025 aka soke ta saboda mai ɗaukar nauyi bai biya kuɗin da ya yi alkawari ba. A watan Yunin 2024 kuma ta kira 'yan jarida a Seoul, bayan labari ya fito cewa gidauniyarta ta kai ƙarar mahaifinta wajen 'yan sanda, bisa zargin ya yi amfani da hatimin gidauniyar na jabu a takardun wani shirin kafa makarantar golf. Ta ce a matsayinta na shugabar gidauniyar da ita aka yanke shawarar kai ƙarar. Ta ce ta yi shekaru tana biya masa bashi, ta biya wannan wani ya ɓullo, kuma daga ranar ba za ta ƙara ɗaukar ko ɗaya ba.